Agustin Ɗan Tagaste: Saurayin Da Ya Ajiye Muƙami Don Neman Kwanciyar Rai

Cikin kaka ta shekarar 386, wani malami ɗan Afirka mai shekara 31 da haihuwa ya sanar da hukumar birnin Milan, a ƙasar Italiya, cewa ya bar aiki, su nemi wani. Muƙamin da ya ajiye kuwa ba ƙarami ba ne. Shi ne babban malamin balaga na birnin da Sarkin Rum yake zaune a lokacin, kuma shi ake kira ya tsara jawabin yabo in wani bikin fada ya taso. Dalilin da ya bayar shi ne ciwon ƙirji, kuma lalle ba ƙarya ya yi ba, gama numfashi yana ba shi wahala. Amma akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Ya lura cewa abin da ya shekara wajen goma sha biyar yana bi, watau suna da girma da dukiya, ko ya kama shi ba zai kwantar masa da rai ba.

Sunan wannan malami Agustin. Mabiya addinin Kirista na ɗarikoki dabam-dabam suna lasafta shi cikin manyan malamansu, kuma littafin da ya rubuta game da ƙuruciyarsa, wanda ake kira Confessiones da Latin, watau Ikirari, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Tambayar da ta hana shi barci ita ce wadda ke damun ɗan makaranta mai jiran sakamakon jarrabawa, da akawu mai jiran ƙarin girma: in mutum ya sami abin da yake nema, shi ke nan ya sami farin ciki?

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Agustin ran 13 ga watan Nuwamba, 354, a wani ƙaramin gari mai suna Tagaste, wanda yanzu ake kira Suk Aharas a ƙasar Aljeriya. A zamanin nan Afirka ta Arewa tana ƙarƙashin Daular Rum. Mahaifinsa, Fatrisiyus, ɗan majalisar gari ne mai 'yar gona, ba mai wadata ba, kuma bai shiga addinin Kirista ba sai gab da rasuwarsa. Mahaifiyarsa Monika kuwa Kirista ce mai riƙon addini ƙwarai.

Iyayen biyu sun sha bamban a abubuwa da yawa, amma bakinsu ɗaya game da karatun yaron. A daular nan, ɗan talaka ba shi da wata hanyar hawa sama sai ta iya magana. Wanda ya ƙware a balaga yana iya zama lauya, daga nan ya shiga aikin Gwamnati, in da rabo har ya kai ga mulkin lardi. Saboda haka aka kai shi makaranta a garin Madaura. Da ya kai shekara 16 kuɗi suka ƙare, ya dawo gida ya yi shekara guda yana zaman banza, mahaifinsa na fafutukar tara abin da zai kai shi gaba.

Cikin wannan shekara ce shi da wasu abokansa suka shiga lambun maƙwabci da dare, suka kakkaɓe 'ya'yan wata bishiya, suka kwashe. Ba yunwa suke ji ba, kuma a gidansu akwai waɗanda suka fi su daɗi. Kaɗan suka ɗanɗana, suka watsa wa aladu sauran. Wani zai ce ai ƙuruciya ce, amma Agustin ya daɗe yana juya wannan al'amari a ransa. Abin da ya gano shi ne, ɗan Adam yana iya jin daɗin ɓarna don kawai an hana, kuma da shi kaɗai ne da bai yi ba. Kunyar kada abokai su ce ya ji tsoro ita ta kai shi.

Daga baya wani attajirin garinsu mai suna Romaniyanus ya taimaka, aka tura shi Kartaj, babban birnin lardin, kusa da inda Tunis take a yau. A can ya yi fice a karatu. A can kuma ya ɗauki wata mace suka zauna tare ba da cikakken aure ba, ta haifa masa ɗa, Adiyodatus, wajen shekarar 372. Yana da shekara 19 ya karanta wani littafi na Sisero, shahararren masanin Rum, mai suna Hortensius, wanda ke kwaɗaitar da mutane neman hikima. Littafin ya ɓace tun da daɗewa, sai guntayensa, amma shi ne ya fara cusa wa saurayin tunanin cewa akwai abin nema da ya fi muƙami. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki don ya nemi hikimar, sai ya ga salon fassarar Latin ta lokacin bai kai na Sisero ba, ya rufe. Ya shiga ɗarikar mabiya Mani, ya yi shekara tara a cikinta, Monika na kuka tana yi masa addu'a.

Rasuwar Aboki

Da ya gama karatu ya koma Tagaste yana koyarwa. A nan ne ya gamu da babban rashi na farko. Yana da wani aboki, sa'arsa, wanda suka tashi tare, ba su rabuwa. Zazzaɓi ya kama abokin, ya rasu. Agustin ya ba da labarin yadda garin ya zame masa kamar kurkuku, duk inda ya duba sai ya ga kamar abokin zai ɓullo, har ya kai ba ya jin sauƙi sai in yana kuka. A ƙarshe ya tattara ya koma Kartaj don kawai ya daina ganin wuraren da suka saba zama.

Darasin da ya ɗauka daga wannan rashi shi ne tushen duk tunaninsa na baya game da farin ciki. Bai ga laifin ƙaunar aboki ba. Inda ya ga ya yi kuskure shi ne da ya ɗora nauyin ransa duka a kan mutum, sai ka ce ba mai mutuwa ba ne. Duk wanda ya jingina da abin da ke iya gushewa, in ji shi, yana cikin wahala tun kafin abin ya gushe, sai dai bai sani ba tukuna.

Hawan Tsani

Koyarwa a Kartaj ba ta yi masa daɗi ba, domin ɗaliban birnin sun shahara da rashin ladabi, sukan kutsa aji su ta da hankali. Ya ji labarin cewa na birnin Rum sun fi natsuwa, sai ya shirya tafiya cikin shekarar 383. Monika ta bi shi har bakin teku tana roƙonsa kada ya tafi, ko kuwa ya tafi da ita. Ya yaudare ta da cewa wani aboki yake rakiya, ya shiga jirgin ruwa da dare, gari ya waye ta tarar ya tafi. A Rum kuwa ya tarar da wata irin cuta dabam: ɗalibai za su yi ta zuwa darasi, in lokacin biyan kuɗi ya yi sai su haɗa baki su koma wajen wani malami.

Ana nan sai birnin Milan ya aika wa Simakus, shugaban birnin Rum, a nemo musu malamin balaga. Agustin ya bi ta hannun abokansa mabiya Mani, aka gwada shi da jawabi, ya ci. Cikin shekarar 384 ya isa Milan a abin hawan Gwamnati, yana ɗan shekara 30 ko ƙasa da haka kaɗan. Ɗan ƙauyen Tagaste ya shigo fada. Da bakinsa ya faɗi lissafin da yake yi a lokacin: yana da manyan abokai, in ya ƙara ƙoƙari za a iya ba shi mulkin wani lardi, sa'an nan ya auri mace mai ɗan abin hannu don ta rage masa nauyin hidima.

Mabaraci A Titin Milan

Wata rana yana shirin gabatar da jawabin yabon Sarki. Ya san yawancin abin da zai faɗa ƙarya ne, ya kuma san masu tafa masa sun san ƙarya ne. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yana tafe da abokansa a wani titi, zuciyarsa na dukan uku-uku saboda fargabar jawabin, sai suka wuce wani mabaraci da ya sha giya, yana ta raha da dariya abinsa.

Agustin ya yi ajiyar zuciya, ya juya ya yi wa abokansa magana. Ya nuna musu cewa duk wahalar da suke sha, da karatun dare, da jiran manya a ƙofar gida, ba don kome suke yi ba sai don su sami 'yar walwala marar fargaba, ga shi kuwa wannan mutum ya riga su samu da 'yan kwabban da ya roƙa. Ya yarda cewa murnar mabaracin ba ta gaskiya ba ce. To, amma wadda shi yake nema ta hanyar bambaɗanci ta fi ta zama ƙarya. Mabaracin ya sami giyarsa ta hanyar yi wa masu wucewa fatan alheri, shi kuwa yana neman girma ta hanyar shara ƙarya. Bugu da ƙari, mabaracin zai kwana ya tashi mayensa ya sake shi, amma shi da mayen son girma yake kwana, da shi yake tashi.

Abin lura a nan shi ne gaskiyar da ya faɗa game da kansa. Da za a ce ya zaɓa tsakanin zama mabaracin nan mai dariya da zama shi kansa mai fargaba, da kansa zai zaɓa, saboda taƙamar ilmi. Watau ya ga ciwon sarai, amma bai shirya shan magani ba. Ya je ya yi jawabinsa, ya ci gaba da hawan tsani.

Wannan hawa kuwa wata ce ta biya kuɗinsa. Monika, wadda ta biyo shi Milan, ta nema masa auren wata yarinya 'yar gidan mutunci, aka ba shi, sai dai saura shekara biyu ta isa aure. Aka ga uwar Adiyodatus za ta zama cikas, sai aka raba su bayan zaman shekara goma sha wani abu. Ta koma Afirka, ta bar masa ɗan, ta kuma yi alkawari ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Agustin ya ce rabuwar ta tsaga masa zuciya, amma bai iya haƙurin shekara biyun ba, ya ɗauki wata. Ko sunan matar nan bai rubuta ba. Masu nazarin tarihinsa da yawa suna ganin wannan ne tabo mafi muni a rayuwarsa, kuma yana nuna yadda neman girma kan sa mutum ya taka na kusa da shi.

Baƙo Daga Fada

A Milan akwai wani bishop mai suna Amburos, wanda shi kansa gwamnan lardin ne kafin jama'a su zaɓe shi shugaban ikkilisiya. Agustin ya riƙa zuwa sauraron wa'azinsa don ya auna gwanintarsa ta magana, irin yadda gwani kan je kallon gwani. Sannu a hankali ma'anar ta bi salon ta shige shi. Ya fara ganin cewa Littafin da ya rena yana da zurfin da bai hango ba. Hankalinsa ya gamsu, amma sha'awa da son girma suka riƙe masa ƙafa. Shi da kansa ya ba da labarin cewa tun yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi kamun kai, yana kuma fatan kada a yi saurin amsa masa.

Cikin shekarar 386 wani babban ma'aikacin fada, ɗan Afirka kamarsa, mai suna Fontisiyanus, ya kawo masa ziyara. Ya ga littafi a kan tebur, ya ɗauka, ya yi mamaki da ya ga wasiƙun Manzo Bulus ne. Hira ta kai su ga labarin wasu ma'aikatan Sarki biyu a birnin Tiriya, wanda yanzu ke cikin ƙasar Jamus. Sun fita shan iska, suka shiga wata bukka, suka tarar da littafin tarihin Antoni, mai ibada na hamadar Masar. Ɗayansu yana karantawa sai ya tambayi ɗan'uwansa ina ne ƙarshen wannan hidima tasu. Iyakarta dai su zama na hannun daman Sarki, matsayin da ba a kai wa gare shi sai ta haɗari, kuma in an kai haɗarin ya fi yawa. Nan take su biyun suka bar aiki.

Da baƙon ya tafi, Agustin ya fita lambun gidan hankalinsa a tashe, abokinsa Alifiyus na biye da shi. Ya keɓe ƙarƙashin wani itacen ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta yana rera wata 'yar waƙa mai umurtar a ɗauka a karanta. Ya koma ya buɗe littafin, idonsa ya faɗa kan Wasiƙa zuwa ga Romawa, sura 13, aya 13 da 14, inda ake gargaɗi a kan shaye-shaye da fasikanci da husuma, ana kiran mutum ya miƙa kansa ga Yesu Almasihu. Ya ce daga nan shakka ta rabu da shi. Ya jira hutun girbin inabi ya zo, don kada barinsa aiki ya zama abin surutu, sa'an nan ya fice.

Zaman Kwana Uku

Wani abokinsa mai suna Berekundus ya ba shi aron gidan gona a Kasisiyakum, a wajen Milan. Ran 13 ga Nuwamba, 386, ranar da ya cika shekara 32, bayan an ci abincin rana, ya tara mutanen gidan: mahaifiyarsa, da ɗan'uwansa Nabigiyus, da ɗalibansa biyu, da wasu danginsa biyu da ba su yi karatu mai zurfi ba, da ɗansa. Suka yi kwana uku suna muhawara a kan mene ne farin ciki, ana rubuta abin da kowa ya faɗa. Wannan ne ya zama ɗan littafinsa De beata vita, watau Rayuwa Mai Albarka.

Sun fara da abin da ba mai gardama a kansa: kowa yana son farin ciki, kuma wanda bai sami abin da yake so ba ba ya cikinsa. To, wanda ya samu fa? Monika, wadda ba ta yi karatun falsafa ba, ita ta warware. Ta bambanta mai son abin kirki da mai son mugun abu, ta ce na biyun ko ya samu yana cikin wahala. Agustin ya yi murna, ya shaida mata cewa ta faɗi abin da Sisero ya faɗa ba tare da ta karanta shi ba.

Daga nan suka ɗauki misalin wani attajirin Rum na dā, Sarjiyus Orata, wanda aka ce bai rasa kome ba na jin daɗin duniya. Aka ce in yana da hankali dole ya san dukiyar tana iya salwanta, mai tsoron hasara kuwa ba ya cikin kwanciyar rai. Wasu suka ce ashe ana iya shan wahala ba tare da rashi ba. Monika ta ƙi yarda. A ganinta mutumin nan matalauci ne, domin ya rasa hikima, wadda ta fi azurfa. Suka tsaya a kan cewa hikima ita ce ma'aunin rai, wadda ke hana shi zarcewa cikin almubazzaranci da girman kai, ta kuma hana shi ƙanƙancewa cikin rowa da tsoro. Abin da Bahaushe ke kira wadar zuci bai yi nisa da wannan ba. Ƙarshen maganarsu shi ne, farin ciki na gaskiya sai an kafa shi a kan abin da sauyin zamani ba ya iya ƙwacewa, kuma a bangaskiyarsu wannan ba kowa ba ne sai Allah. Da aka tambayi wane ne ke tare da Allah, ɗaya ya ce mai kyakkyawan zama, wani ya ce mai aikata nufinsa, Adiyodatus kuwa, yaron da bai wuce shekara 15 ba, ya ce mai tsarkin rai. Kakarsa ta fi son amsarsa.

Gwajin Magana

Ba a daɗe ba aka gwada shi a kan abin da ya faɗa. Amburos ya yi masa baftisma a daren Ista na watan Afrilu, 387, tare da ɗansa da Alifiyus. Cikin shekarar nan, suna hanyar komawa gida, Monika ta rasu a Ostiya, tashar jiragen ruwan Rum, tana cikin shekara ta 56. Ya isa Afirka a 388, ba da jimawa ba Adiyodatus ma ya rasu yana saurayi. Ya yi kukan mahaifiyarsa, amma wannan karon bai gudu daga gari ba kamar yadda ya yi a rasuwar abokinsa.

Hutun da ya yi fata ma bai samu ba. A 391 jama'ar birnin Hifo, Annaba ta yanzu, suka tilasta masa zama limaminsu, bayan 'yan shekaru ya zama bishop. Almajirinsa Fosidiyus ya rubuta cewa yakan zauna sauraron ƙararrakin mutane har lokacin cin abinci, wani lokaci yini guda. Da tsufa ya zo, wajen shekarar 426, ya bi littattafansa ɗaya bayan ɗaya yana gyara, har ya soki ɗan littafin nan na ƙuruciya. Ya ce ya yi gaggawa da ya nuna kamar mai hikima yana iya samun cikakken farin ciki a nan duniya. Abin da ake samu a nan, a ganinsa na ƙarshe, sa zuciya ne, cikar kuwa sai a rayuwa mai zuwa.

Ga Mai Riƙe Da Aiki

Kada a ɗauka cewa darasin labarin nan shi ne kowa ya ajiye aikinsa. Wani babban hafsan sojan Rum a Afirka, Bonifas, ya so ya bar soja ya keɓe don ibada bayan rasuwar matarsa. Agustin da Alifiyus suka je suka same shi, suka ba shi shawarar ya tsaya a bakin aikinsa, domin tsaron jama'a ma hidima ce ga Allah. Abin da Agustin ya tsana shi ne mutum ya mai da muƙami abin bauta.

Alifiyus kansa misali ne. Sa'ad da yake mai ba alƙali shawara a ma'aikatar baitulmali a Rum, wani ɗan majalisar dattawa mai ƙarfin gaske ya nemi a yi masa abin da doka ta hana. Aka yi wa Alifiyus tayin toshiyar baki ya yi dariya, aka yi masa barazana bai kula ba, har alƙalin ya riƙa fakewa da shi yana cewa shi ne ya hana. Abu guda ne ya kusa ja masa rai, watau ya sa a kwafe masa littattafai a kan rangwamen farashin da ake yi wa Gwamnati. Ya auna, ya ga ba hakkinsa ba ne, ya bari. Mutumin da kwanciyar ransa ba ta rataya ga kujera ba, shi ne ke iya cewa a'a a ranar da ake bukata.

Agustin ya rasu ran 28 ga watan Agusta, 430, yana da shekara 75, mayaƙan Bandal sun kewaye Hifo. Bai bar wasiyya ba, domin ba shi da abin da zai raba, sai dai ya yi ta jaddada a kula da ɗakin littattafan ikkilisiya saboda na baya. Ƙungiyar masu ibada da ke bin ƙa'idarsa ta yi aiki a ƙasashe da dama, har da Adamawa, akwai kuma babbar makarantar horar da limaman Katolika a Jos mai ɗauke da sunansa. Fafaroma Liyo na 14, wanda aka zaɓa a shekarar 2025, ɗan wannan ƙungiya ne.